Famfon Fawa da Sauran Sunayen Gareji

Wata safiyar Asabar na ja motata baya daga rumfar da take kwana, sai na ga tabo a kan siminti, faɗinsa kamar murfin kwano, ja-ja haka sai ka ce an zubar da ragowar zoɓo. Na dangwala da yatsa na ji santsi. Kafin in kai bakin titi sitiyari ya fara yi mini gardama, kuma duk kwanar da zan sha sai wani siririn kuka ya taso daga gaban motar, irin na ɗan akuyar da aka raba da uwarsa. Ban tsaya ko'ina ba sai gareji. Bakaniken da ya saba duba mini mota ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya shafa, ya goge hannu a gefen wandonsa, sannan ya ce, "Malam, famfon fawa ne yake likin."

Na gane abin da yake nufi sarai, kamar yadda duk mai tsohuwar mota zai gane. Sai da na zauna kan benci ina jiran yaronsa ya kawo sifana sannan na shiga juya maganar a raina. Kalmomi uku ne suka ɗauki nauyin jimlar: famfo, fawa, likin. Babu ko ɗaya da kakan kakana zai fahimta da wannan ma'ana, kuma kowace ɗaya tana da hannu a cikin adadin kuɗin da za su fita daga aljihuna kafin azahar.

In fara da fawa, don ita ce ta fi ba ni dariya. A Hausar gado fawa sana'ar mahauta ce, tana da sarkinta da makaɗanta. Ka je ƙauye ka ce wa dattijo man fawarka ya ƙare, zai ɗauka kitse kake cigiya. Fawar gareji kuwa baƙuwa ce, daga kalmar Ingilishi "power" mai nufin ƙarfi, ta shigo ta tarar da mai gida da irin sunanta, suka zauna ba rigima, domin babu wanda ke kai mota kwata ko ya kai sa gareji. Yadda bakinmu ya sarrafa ta ma ba sabon abu ba ne. Harafin da Bature ke haɗe leɓɓa ya fasa da shi, mu muna mayar da shi "f", shi ya ba mu fasinja da fakiti da fensir da fetur da faci. Ƙarshen kalmar kuma ya zama "a" saboda daga bakin mutanen Ingila muka ji ta, su kuwa ba sa furta "r" ɗin da ke ƙarshen irin waɗannan kalmomi. Ta wannan ƙofa direba da sifana da salansa da injiniya suka shigo.

Amma sunan yana da 'yar yaudara a cikinsa. Wanda ya ji "fawa" sai ya zaci ita ce ke juya tayoyin, in ta tafi mota ta zama gawa. Ba haka ba ne. Tsakanin hannun direba da tayoyin gaba akwai ƙarfe tsantsa da bai taɓa yankewa ba. Abin da na'urar ke yi shi ne tallafi. Ko man ya tsiyaye ƙaf, mota za ta juya, sai dai damtse zai gaya maka. A nan maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka koyi aikin mato da Faransanci, sun fi mu dacen suna, domin a can "direction assistée" ake cewa, wato tuƙi mai mataimaki. Jamusawa sun ƙara fito da maganar fili: "Servolenkung" suke cewa, kuma tushen rabin farko na kalmar yana komawa ga kalmar Latin mai nufin bawa. Ga shi a Hausa ma harafi ɗaya ne ya raba fawa da bawa, ko da yake wannan dace ne kawai, kada wani ya kafa mini hujja da shi.

Bawan nan bai daɗe a gidan mota ba. Wani injiniya Ba'amurke, Francis Davis, shi ya gwada sitiyari mai aiki da matsin mai a jikin mota ƙirar Pierce-Arrow a 1926, amma kamfanoni suka ga tsadarsa ta yi yawa. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya farfaɗo da shi, don manyan motocin soja sun fi ƙarfin hannu. Sai a 1951 kamfanin Chrysler ya sa shi a motarsa Imperial ya kai kasuwa da sunan Hydraguide, Cadillac ta biyo baya a 1952. Ke nan lokacin da Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa a 1934, babu ƙaramar motar haya ko ta gida a duniya da ake sayarwa da wannan abu, balle a nemi sunansa a Kano. Mu nan ma ya ƙara jinkiri. Akasarin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975 hannu zalla ake juya su da shi, kuma duk wanda ya ga tsohon direban 911 yana karya kan mota a cikin tasha, yana miƙewa tsaye a kan kujera, ya san dalilin da ya sa ake yi wa manyan motocin da sitiyari mai faɗin faifai.

Sitiyari kansa aro ne, an raba baƙaƙen farko da wasali kamar yadda aka yi wa sifana da birki da fulogi, domin harshenmu ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma ba mai shiga tsakani. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ba mu rasa namu ba. Muna da linzami na doki, da akala ta raƙumi, da ragama. Har yau muna cewa wane ya juya akalar magana, wance ta karɓi ragamar mulki, kuma da 'yan jarida suka nemi sunan makamin da ake sarrafa tafiyarsa daga nesa, linzami suka ɗauko suka ɗaura masa. Amma mota, wadda ita ce ta gaji doki da raƙumi kai tsaye, ba ta sami ko ɗaya ba. Abin da ta samu daga gida shi ne aikin, wato tuƙi, wanda muka ɗauko daga tukunyar tuwo da kwalekwale. Wannan rabon ya bi kusan dukkan Hausar gareji: sunan ƙarfe na aro ne, aikin da ƙarfen ke yi da ciwon da ke kama shi namu ne. Sitiyari ya yi tauri. Birki ya ƙi ci. Giya ta ƙi shiga. Inji ya buga.

Sai famfo. Wannan tsohon baƙo ne da ya zama ɗan gari, har ya hayayyafa. Ruwan famfo, kan famfo, famfon tuƙa-tuƙa, famfon keke. Har mutum ana yi masa famfo, a zuga shi ya kumbura ya je ya yi abin da zai dawo yana da-na-sani. Alamar tsufansa ita ce wasalin da ke ƙarshensa, don a da Hausa ba kasafai take barin baƙuwar kalma ta kwana ba ta sa mata wutsiya ba. Amma ka saurari samarin gareji yanzu, za ka ji "wata fam" da "fiyel fam" da "oyil fam", kalmar ta sake shigowa karo na biyu ba wutsiya, ta zauna kusa da yayarta ba su san juna ba. Irin haka ne fambel, wanda yake ɗauke da sunan fanka alhali a yawancin ƙananan motocin yau lantarki ke juya fankar, bel ɗin yana can yana jan wasu abubuwa, ciki har da famfon da muke magana a kai. Ita fanka ma doguwar tafiya ta yi, daga Indiya Turawan mulki suka ɗauko sunanta suka sauke mana.

To me famfon fawa yake yi? Na sa an buɗe mini wani matacce da ke yashe a gefen gareji don in gani da idona. Ƙarfe ne da bai wuce girman kwakwa ba, da fuli a gabansa wanda bel ke ja daga inji. A cikinsa akwai wani dunƙulen ƙarfe mai tsage-tsage a gefe, kowace tsaga da ɗan siririn ƙarfe a ciki, kimanin goma, suna iya leƙowa su koma. Bakanike ya kira su 'ya'yan famfo. Dunƙulen yana juyawa ne a cikin zobe mai siffar ƙwai, saboda haka 'ya'yan suna fitowa inda zoben ya buɗe su kwashi mai, su matse shi inda ya tsuke, su tura shi waje. Matsin ba na wasa ba ne. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki iska 32 zuwa 35 a ma'aunin mai faci. A kan wannan ma'aunin, famfon fawa yana kai 1,000 zuwa 1,500 idan aka murɗe sitiyari har ƙarshe. Daga nan mai ya bi tiyo zuwa rak, wato sandar haƙoran da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, inda wata 'yar ƙofa ke karkatar da shi dama ko hagu gwargwadon inda hannunka ya nufa. Ya gama aikinsa ya dawo ta wani tiyon zuwa ɗan tulun da ke sama, ya sake zagayowa.

Ka lura da adadin abubuwan da na lissafa: tulu, tiyo biyu, mahaɗai, famfo, rak. A bakin gareji sau da yawa duk wannan unguwa sunanta ɗaya, "famfo", kamar yadda mutumin ƙauye zai ce ɗansa yana Kano alhali yana Wudil. Ba lallai ba ne bakanike yana nufin cuta. Harshen ne ya ba shi babban buhu ya zuba komai a ciki. Amma a kasuwa ba a sayar da unguwa, ƙarfe ɗaya ake sayarwa, kuma wanda ke ɗauke da sunan shi ne mafi tsada a cikinsu in ka cire rak.

Yanzu ga kalmar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, likin. Ba na cikin masu yaƙi da aro. Wanda ya ce in daina cewa sitiyari sai ya ba ni abin da bakanike zai gane. Amma aro yana da amfani ne inda gida babu. A nan kuwa gida cike yake, mun bar rumbu mun je mun ranto tsaba ɗaya. Bahaushe ya zauna da tulu da randa da salka da rufin soro shekaru aru-aru, ya san hanyoyin da ruwa ke bi ya gudu, kuma ya raɗa wa kowace suna.

Akwai naso, irin wanda bango ke yi da damina, ko takardar da aka ƙunshe tsire a ciki. Ƙarfe ya yi duhu, ƙura ta manne masa, amma babu abin da ke sauka ƙasa. Akwai tsattsafowa, kamar gumi a goshi ko jikin sabuwar randa, inda za ka ga ƙananan ƙwayoyi suna taruwa. Akwai ɗiga, ɗis, ɗis, wadda za ka iya ƙirgawa. Akwai yoyo, wanda ya riga ya sami hanya yana bi ba fashi. Akwai tsiyaya da zurara, inda abin ya zama zare. Sannan akwai tsartuwa da feshi, waɗanda ba sa faruwa sai da matsi a baya. Duk waɗannan "likin" ta haɗiye su, kuma da ta haɗiye su ta haɗiye rabin binciken, domin kowace kalma a cikinsu yatsa ce mai nuna wuri. Naso a jikin famfon motar da ta shekara goma sha biyar ba abin tayar da hankali ba ne, a goge a sa ido. Ɗigon da ke fitowa ta bayan fuli, har bel ya riƙa watsa shi, yana nuna robar da ke rungume da sandar famfo ta gaji. Man da ke tsartuwa sai an murɗa sitiyari, wannan galibi tiyon matsi ne ko mahaɗinsa, don ta nan ƙarfin yake bi. In kuwa tulu yana raguwa amma ƙasa a bushe, a matsa robobin nan masu kama da zugazugi da ke ƙarshen rak, sau da yawa a cikinsu man yake taruwa, kuma wannan labarin ba na famfo ba ne sam.

Da na ce wa bakanike, "Oga, yoyo yake yi ko naso?" sai ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ai duk ɗaya ne." Na ce a wanke mu gani. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, saboda haka inda ya ɗiga ba nan ya fito ba. Yaro ya kawo fetur a gwangwani da tsohon buroshi ya wanke wurin tas, aka bari ya bushe, aka cika tulu, aka tayar da inji, na shiga ina juya sitiyari dama da hagu su kuma suna leƙe. Ba a yi minti biyu ba ogan ya ce in kashe. Man yana tsattsafowa ne daga bakin da tiyon tulu ke shiga famfo. A wurin akwai wani ɗan zoben roba da bai fi zoben yatsa ba, ya bushe ya daskare, da aka lanƙwasa shi sai ya karye kamar taliyar da ba a dafa ba. Shi ne ke barin mai ya fita idan mota na tsaye, ya bar iska ta shiga idan inji na aiki. Iskar ce ke sa mai kumfa, kumfar ce ke sa kuka. Famfon lafiyarsa ƙalau a ranar.

Kuka ma kalma ce da ta cancanci a tsaya a kanta. Muna cewa famfo yana kuka, kuma mun yi daidai, domin mai kuka yana da rai. Yunwa ke sa shi, wato ƙarancin mai, ko shaƙar iska. Ƙarar bel mai santsi daban ce, tsuwa ce mai kaifi da safe ko lokacin shan kwana. Gurnani da ƙugi irin na dutsen niƙa, wanda ba ya tafiya ko an cika mai an fitar da iska, shi ne ke nuna 'ya'yan famfo sun ci jikin zobe ko boris ya tafi. A gareji akwai matakai: ya gaji, ya fara ci, ya tashi aiki, ya mutu. Mai mota ya kamata ya tambayi a wane mataki ake, don akwai masu yi wa mai zazzaɓi sallar gawa. Fitar da iskar nan kuwa, wadda samari ke kira bilidin, asalin kalmar zubar da jini take nufi, aikin wanzami da ƙahonsa. Yadda ake yi ba wuya: a ɗaga gaban mota, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa a hankali, ana ƙara mai, har kumfa ta ɗauke. Abin da ba a so shi ne a danne shi a ƙarshe a riƙe fiye da 'yan daƙiƙoƙi.

Tiyo, wanda na yi ta ambata, ba daga Ingilishi ya zo ba. Bafaranshe ne, "tuyau", ya tsallako iyaka ya bazu har inda ba a taɓa jin Faransanci ba. Yana da kishiya 'yar gida, mesa, wadda aka ɗauko daga sunan macijiya, kuma duk wanda ya ga ta masu kashe gobara a miƙe a titi ya san ba a yi ƙarya ba. A mota dai tiyo ya fi karɓuwa. Matsalarsa ita ce sunan bai raba na matsi da na komawa ba. Na komawa tiyo ne kawai da ake ɗaure bakinsa da kilif. Na matsi kuwa saƙaƙƙe ne ciki da waje, da bakunan ƙarfe da inji ya matse, ba a naɗe shi da robar tayar keke a ce an yi maneji. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2012 kamfanin Honda ya yi kiranyen motocin Accord masu silinda shida, ƙirar 2003 zuwa 2007, sama da 500,000 a Amurka, saboda tiyon fawa da zafi ke cinyewa har mai ya ɗiga kan ƙarfen hayaƙi mai zafi, abin da ke iya tayar da wuta.

Roba ita ce babbar jakar da ta fi kowace faɗi. Zobe roba, sil roba, zugazugin rak roba, bokiti roba, kwanon almajiri roba. Amma robar da aka yi don ta zauna cikin man da aka tace daga ɗanyen mai daban take da wadda aka yi don man birki, kuma kowace ta shiga gidan 'yar'uwarta sai ta kumbura ko ta lalace. Wanda ya raina zoben roba ya tuna kumbon Challenger na Amurka da ya tarwatse ranar 28 ga Janairu 1986 da mutum bakwai a ciki. Zoben roba ne da sanyi ya daskarar ya kasa toshe mahaɗi.

Wannan ya kawo mu ga mai, inda kuskuren suna ya fi saurin zama asara. Kalma ɗaya muke da ita tun daga man shanu har zuwa fetur, sai mu bambanta da launi ko da wurin zuwa. Man inji mun ce masa baƙin mai, alhali sabonsa ruwan zuma ne. Da tsufansa muka raɗa masa suna. Man giya kuwa, a rubuce, sai ka rantse na mashaya ne. Wanda ake zuba wa fawa a motoci da yawa shi ne jan mai, kada a juya a ce manja, wato man giyar otomatik da masu shago ke kira da haruffansa uku, ATF. Jan ba halittarsa ba ce, rini ne aka sa don a gane shi idan ya zuba. Sunan Dexron da ke jikin galan mallakar kamfanin General Motors ne tun 1967, kuma littattafan tsofaffin Toyota da yawa shi suka ce a zuba a tulun fawa. Honda kuwa nata man daban ne, ba ja ba, kuma ta hana a musanya. Wasu motocin Jamus suna shan wani kore. Ke nan "man fawa" ba abu ɗaya ba ne, kuma amsar tana rubuce a kan murfin tulun ko a littafin mota. Mafi haɗari shi ne kalmar haidirolik, wadda wasu ke kiran man birki da ita, wasu man jek, wasu man fawa. Tushenta na Girkanci ruwa da bututu yake nufi, ba sunan wani mai ba ne. Ka aiki yaro ya sayo haidirolik, ya dawo da man birki, a juye a tulun fawa, ka sayi yoyon da ba ka da shi jiya.

Ban tsira har abada ba, gaskiya. Bayan wata bakwai ɗigo ya dawo, wannan karon ta bayan fuli, kuma da gurnani. Nan aka zo maganar gyara ko canji, na shiga wani sabon ƙamus. Gyara yana nufin a sayo kit, 'yar ledar da ke ɗauke da sil da zobba, a warware famfo a kan tsumma mai tsabta a mayar. Yana yi idan roba ce kaɗai ta gaji. Idan zoben ƙarfen ciki ya yi zane, ko sandar ta ci har tana rawa, sabuwar roba ba za ta yi sati nawa ba. Nawa ya yi zane, farce yana kamawa.

A kasuwar Ƙofar Ruwa mai shago ya jera mini famfo uku. Na farko sabo dal a kwali, ɗan Caina, wanda a zamanin iyayenmu da an ce masa ɗan Taiwan. Ƙasar ta canza, zargin bai canza ba, ko da yake a cikinsu akwai na kirki akwai jabu. Na biyu ya ce Beljiyam ne. Wannan suna ya samo asali daga ƙasar da ta daɗe tana zama mashigar tsofaffin motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma, daga unguwar dillalai ta Heyvaert a Brussels zuwa tashar jiragen ruwa ta Antwerp. Yau kuwa ko daga Japan ko Dubai ko Amurka aka kwance ƙarfe, Beljiyam ne. Yarabawa sun ce tokumbo, abin da ya dawo daga ƙetaren teku, sunan da suke raɗa wa yaron da aka haifa a waje. Mu kuma mun ƙara da Kwatano, don tashar Jamhuriyar Benin da motoci ke sauka, kuma sunan bai mutu ba duk da hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa da gwamnatin Najeriya ta yi daga farkon 2017. Na uku ya kira shi na hannu, wato wanda aka cire daga motar da ta yi rayuwarta a nan gida. Ka duba wannan tsari da kyau: tsohon da ya tsufa a waje ya fi sabo daraja, kuma ya fi tsohon da ya tsufa a gida. Akwai hujja, don ana ɗauka shi ne wanda mota ta fito da shi daga masana'anta. Amma sunan bai gaya maka kilomita nawa ya yi ba, bai gaya maka damina nawa ya kwana a buɗe ba. Na sayi Beljiyam ɗin bisa sharaɗin in ya yi kuka cikin sati a canza mini, na sa aka zubar da tsohon mai gaba ɗaya aka wanke tulu, don garin ƙarfen da mataccen famfo ya bari shi ke kashe magajinsa.

Duk wannan ƙamus yana da wa'adi. Tun 1988 kamfanin Suzuki ya fitar da ƙaramar motarsa Cervo da sitiyarin da lantarki ke tallafa wa, kuma yanzu hanyar da kusan kowa ya bi ke nan. Sunan fawa ya bi su, har da ɗan hoton sitiyari da ke kamawa a gaban direba, amma abin da ke bayan sunan ya canza. Corolla ƙirar Amurka daga 2009, Camry daga 2012, Accord daga 2013, duk babu famfo, babu tiyo, babu tulu. In kana da ɗaya daga cikinsu sitiyari ya yi maka tauri, kada ka ba kowa kuɗin man fawa. A fara duba batir da fis, sannan a sa kwamfuta.